Layin da Ban Karanta Ba

Kafin a san ni da gidan yari, ni mai rubuta manhaja ne a Potiskum. Ina da ɗan shago a unguwar Bolewa, kwamfuta ɗaya da fanka mai ƙara. Ni na rubuta wa wasu dillalan shanu manhajar rajista. Duk saniyar da ta shigo kasuwa sai an ɗauki hotonta da sunan mai ita, don kada a sayar da ta sata. Wata bakwai na yi ina aikin, har idona ya fara ruwa.

Sai ga ƙirƙirarriyar basira, wadda ake ce wa AI. Na je gyara wata rana, shugaban dillalan ya ce, "Malam, ka huta. Sakatarenmu yana gaya wa AI abin da muke so, kafin shayi ya huce ta gama."

Wallahi na ji haushi. Na ce, "Alhaji, mutumin nan ko karanta abin da ta rubuta ba ya yi!" Ya yi dariya ya koma kan wayarsa. Haka makarantu da masu kemis suka watse mini. Na wuni ina korar ƙuda.

Cikin wannan ƙunci wani mutum ya zo shagona. Ya ce shanu ne 'yan kaɗan, yana so su shiga rajista da sunansa. Na san na sata ne. Na kuma san dillalan ba su canza lambar sirrina ba. Na ce a raina, ai su suka fara wulaƙanta ni.

Don sauri, na yi wa AI ƙarya cewa tsohon bayani nake gyarawa. Ta rubuta layukan gyaran, na liƙa a manhajar, ban karanta ba. Sau huɗu na yi haka.

Ranar da wani dattijo makiyayi ya gane shanunsa a bayan tirela, aka buɗe rajista. Ashe AI, da tsantseninta, ta ƙara layi guda mai adana sunan duk wanda ya taɓa bayani. Sakataren da na raina shi ya karanto sunana a gaban 'yan sanda. Dattijon ya dube ni ya ce, "Ɗana, biyu kawai na samu. Ina sauran?"

Na yi shekara uku a gidan yari na fito, na tuba. Har yau ina jin zafin yadda sana'ata ta koma, amma ba na'ura ce ta ɗaure ni ba. Samari, in aiki ya canza, ku koyi sabon, kada haushi ya ja ku. Ni yanzu ko wayar caji ba a barina in riƙe a kasuwar nan, kuma sauran shanun dattijon ba su dawo ba.