Sallama Uku a Ƙofar Kan Dutse

Ina cikin aji a Dutsi, alli a hannuna, sai na ji babur ya tsaya a gindin darbejiyar makaranta. Ƙanena Sada ne. Bai kashe injin ba, bai kuma shigo ba, ya tsaya a bakin taga yana kallon ƙasa. Da na fito ya ce, "Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na hau bayansa muka kama hanyar Daura, sai da muka isa gida na lura har lokacin allin yana hannuna.

A kasuwar Mai'adua abin ya faru. Ya idar da azahar, ya koma rumfarsa, ya ce wa maƙwabcinsa ƙirjinsa ya yi nauyi, bari ya ɗan kishingiɗa. Bai sake tashi ba. Alhaji Isiyaku mai fata, mahaifinmu, ya rasu a tsakiyar fatu da ƙiragan da ya yi rayuwarsa a cikinsu, kuma na san da an ba shi zaɓi, wurin da zai zaɓa ke nan.

Ni ne ɗansa na fari, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba. Ina ƙarami "kai wannan" nake, da na fara koyarwa na koma "Malam", yana faɗa yana ɗan murmushi kamar bai gama yarda ba. Ba mutum ne mai yawan magana ba, halinsa a ayyukansa muka karanta. In mahauci ya kawo masa fata da wuƙa ta huda, ba ya rage kuɗi ya yi shiru. Sai ya zaunar da mutum ya nuna masa inda hannunsa ya yi gaggawa, ya ce, "Akuyar nan ta ba ka namanta, kada ka ɓata mata rigarta." Lokacin da kuɗin mai suka shigo gari, abokansa suka yi ta sayen motocin alfarma, shi kuwa ya sayi a-kori-kura. Muka yi ta ƙorafi. Ya ce motar da ba ta ɗaukar 'yan gaisuwar mutuwa ba mota ba ce a wurinsa. Daga Zango har ƙauyukan da ke hayin iyaka, babu zaman makokin da ba a san motar nan ba. Ba ya aika ta'aziyya, ba ya kuma jinkirta ta.

Shi ya sa abin da zan faɗa ya zame masa ciwo har ƙarshen ransa.

Akwai wani mutumin ƙasar Girka a Kano da ke sayen fatun Baba tun kafin a haife ni. Sunansa na yanka ya gagari bakin mutanenmu, sai aka sa masa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan birni, kuma in ya zo Daura a zaurenmu yake cin fura, ya yi ta yi wa Baba tsiya cewa Daurawa sun fi kowa tsadar ciniki. Baba ya ce masa ai Girkawa ne suka koya mana. Da ciwon ajali ya kama shi, Baba ya rufe rumfa ya tare a asibiti. Shi ya riƙa ba shi ruwa da cokali, hannunsa kuma yana cikin na Baba rai ya fita. Aka binne shi a maƙabartar baƙi a Kano.

Ɗan'uwa ɗaya ya rage masa a duniya, wansa, wanda ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciya, daga baya ya bar duniya ya shiga gidan halwa na malaman Kirista a kan wani dutse a tsibirinsu. Ofishin kamfanin fatar Mai Lofe ya sanar da shi rasuwar, amma wannan bai gamsar da Baba ba. Ya ce, "An gaya masa ƙanensa ya mutu. Ba a gaya masa yadda ya mutu ba. Tsohon nan yana can yana zaton an bar ɗan'uwansa shi kaɗai a hannun baƙi. Ni na gani, ni zan faɗa masa." Na ce a rubuta wasiƙa mana. Ya dube ni ya ce, "Malam, takarda ba ta iya kallon idon mutum." Da aka yi hutun makaranta ya yanka mana tikiti, ya ce ni ne tafinta, tunda tsohon yana jin Turanci.

Ba zan tsawaita labarin tafiyar ba. Jirgin sama bai dame shi ba, ya saba da shi a aikin Hajji. Jirgin ruwa ne ya gwada masa iyakarsa. Mutumin da ko kwalekwale bai taɓa shiga ba, ya riƙe ƙarfe yana ta hailala, yana tambayata ko waɗannan mutane ba su san da gada ba. Muka sauka a wani ɗan gari mai fararen gidaje, muka sami masauki a gidan wata tsohuwa. Na yi mata bayani da Turanci da hannu, ta nuna mana dutsen, ta ce za ta aika a faɗa wa tsohon yana da baƙi gobe. Jirgin komawa kuwa goben da la'asar zai tashi, wanda ke bayansa sai bayan izinin zamanmu a ƙasar ya ƙare.

Baba ya ce ba a dira wa dattijo da sanyin safiya, a bari ya karya, ya kimtsa. Saboda haka sai da rana ta ɗaga muka tashi. Ya sa babbar rigarsa ta shadda, ya naɗa rawani, ya sa sabon takalmi sau-ciki wanda tun a Kano yake matsa masa. A hannunsa akwai ƙunshin goro fari da ya zaɓa da kansa, da lofen marigayin a naɗe cikin hankici.

Hawan ba shi da nisa. Matashi zai yi shi yana hira. Hanya ce ta duwatsu da aka jera, tana lanƙwasa tsakanin itatuwa masu siraran ganye. Da na gaya masa zaitun ne, ya tsaya cak, ya ɗora tafin hannunsa a jikin ɗaya, ya karanta ayar da Allah ya rantse da ɓaure da zaitun. Ya ce, "Ashe haka yake. Ban zaci gajere ne ba." Can sama muka haɗu da garken awaki. Duk da haki da yake yi, sai da ya kama ɗaya ya shafa bayanta, ya ce gashi ya yi yawa, ba za ta kai jar akuyarmu daraja ba. Ya zauna a kan dutse ya cire takalmin, ya ƙarasa hawan da safa. Na ce ya ba ni ƙunshin in riƙe masa, ya hana. Teku tana ƙasanmu shuɗiya, ban taɓa ganin abu mai kyau irinta ba, amma shi ƙofar kawai yake hange.

Muka iso rana tsaka. Katanga ce fara doguwa, da ƙofar katako a rufe. Babu motsin kowa, sai kukan ƙwari a cikin itatuwa. Baba ya mai da takalminsa, ya gyara rawani, ya tsaya gefen ƙofa kamar yadda ake yi, ba tsakiyarta ba. Ya yi sallama. Shiru. Ya dakata, ya sake yi, ni kuma na ƙara da gaisuwar Turanci, na ƙwanƙwasa katakon. Katako ne mai kauri, ko ni da ƙyar na ji ƙarar.

A gefen ƙofar akwai igiya tana reto, ta shige ta wata kafa a saman katangar. Muka dube ta tare. Na ce, "Baba, kamar ta ƙararrawa ce."

Ya ce, "Wadda muka ji da asuba?"

Na ce ina jin ita ce.

Ya girgiza kai. "To kada ka taɓa. Kiran sallarsu ne. In baƙo ya zo Daura ya sami masallaci a rufe, sai ya hau ya kira salla don a buɗe masa? Mun zo gaisuwa, ba mu zo raina addinin mutane ba."

Maganar ta zauna mini daram, har na ji kunyar da na kawo ta. Ya yi sallama ta uku, da ƙarfi. Muka jira, muka jira. Sannan ya juya.

Na ce mu ajiye goron da lofen a bakin ƙofa. Ya ce ba a jefar da amana a ƙasa a tafi. Na ce mu ƙara jira. Ya ce, "Uku aka ce mana. An aika masa, ya san muna tafe. In bai buɗe ba, yana da dalilinsa. Wataƙila yana ganin mu muka riƙe masa ƙane har ya mutu a can. Mai gida yana da haƙƙin ya ƙi ganin baƙo, Malam, kada ka riƙe shi a zuciya." Muka gangaro. Bai dubi zaitun ba, bai dubi awaki ba.

Jirgi ya riga ya bar gaɓa lokacin da wani ma'aikacinsa, ɗan tsohuwar da ta sauke mu, ya zo yana fara'a yana tambayata yadda muka sami tsohon. Na gaya masa. Fuskarsa ta canja. Ya ce shi da kansa ya kai saƙon. Ya ce tsohon kunnensa ya yi nauyi ƙwarai, sauran malaman kuma barci suke yi da tsakar rana. Tun safe ya sa aka ajiye masa kujera a bayan ƙofar, daidai ƙarƙashin 'yar ƙararrawar da ke ɗaure da igiyar, don ita kaɗai yake iya ji. Ya sa an tanadi kofi da zuma. Igiyar nan ta baƙi ce, kowa ja yake yi. Ƙararrawar ibada tana can ciki a kan hasumiya.

Na rasa yadda zan fassara. Baba ya ce, "Faɗa mini yadda ya faɗa." Na faɗa masa. Ya miƙe ya tafi ƙarshen jirgin, ya manta da tsoron ruwan, ya tsaya yana kallon farar katangar tana ƙanƙancewa. Da na matso ya ce, "Kaurin ƙofa ne kawai tsakaninmu." Ranar na fara ganin hawayen mahaifina.

Mun roƙi mutumin ya gaya wa tsohon mun zo. Ko ya faɗa, Allah masani. Baba bai ba shi sauran maganar ba, ya ce wannan ba ta bakin ɗan aike ba ce.

Bayan dawowarmu wasu abubuwa suka canja a gidanmu. Ya daina shiga ciki da azahar, a zaure yake ƙailula, ƙofa a buɗe. In aka yi sallama sau biyu ba a amsa ba, ranar kowa zai ji a jikinsa. Ya kan ce, "Kada a bar mai sallama ya kai uku." Ya kuma sa ni in koya masa jimla ɗaya da Turanci, wai in ya koma ba ya son tafinta a tsakani: ƙanenka bai mutu shi kaɗai ba, ina riƙe da hannunsa. Yana karya ta, ƙannena mata suna dariya a ɓoye, shi kuwa bai fasa maimaitawa ba. Bara ƙafa ta hana shi tafiya. Bana ya ce in an yi babbar Salla, an gama kwasar fatun layya, za mu koma. Bai kai Sallar ba.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, Inna mahaifiyarmu ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Kai ka san hanya. In Allah ya hore, ka je ka sauke masa nauyin nan." Na ce zan je, kuma ina da niyya. Amma da na fito sai na tuna wani abu. Ba na asibitin nan ranar da Mai Lofe ya rasu. In na hau dutsen, in tsohon yana raye, in aka buɗe mini, abin da zan iya cewa kawai shi ne an gaya mini. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya cewa na gani, shi kuma mun kai shi makwancinsa da hannunmu.

Ya Allah, bawanka Isiyaku ya zo gare ka. Ka san niyyar da ya hau dutsen nan da ita, ka san ladabin da ya mai da shi baya, ka rubuta masa ladan abin da ya yi nufi bai samu ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka ba Inna haƙurin rashin abokin zama, ka haɗa kan Sada da ƙannenmu, ka ba mu ikon riƙe zumuncin da ya bari. Tsohon nan na tsibiri kuma, ka sanyaya masa zuciya game da ƙanensa ta hanyar da ka ga dama, tunda tamu ba ta isa ba. Baba ya tsaya a ƙofar bawanka ba a ji shi ba. Kai kana ji, ya Rabbi. Ka buɗe masa. Amin.