Jigon Asuba da Ƙarfen Makaranta

Mu shida ne ranar, a gindin durumin da ke ƙofar ɗakin magani na Wurno. Akwai mai unguwarmu, zaune bisa buzunsa. Akwai malamin makarantar boko, saurayi ne mutumin Raba, da rijista a hammata. Akwai malamin asibiti da aka aiko daga Sakkwato, mai gajeren wando, wanda tun da na iso bai ɗaga ido ya dube ni ba. Akwai ƙanen marigayi mijina, wanda muke tarayya da shi a ramin jigo guda a fadama. Sai jikana, ɗan shekara tara ko goma, tsaye ba riga. Sai ni.

Yaron nan ni ke riƙonsa. Ubansa, ɗana ke nan, an tafi da shi haƙar kuza a shekarar ɗiban gwamna, bai dawo ba. Waɗanda suka dawo sun ce sanyin can ne ya kama masa ƙirji. Suka kawo mini bargonsa. Na karɓa, na ninke, na sa a ƙarƙashin gado, na tafi na tatsi akuya don lokacin tatsarta ya yi. Uwar yaron ta gama takaba ta yi aure a Goronyo. Ban hana ta ba. Da aka ce kowace unguwa ta ba da yara a sa su boko, mai unguwa ya duba gidan da ba namijin da zai yi masa gardama, ya ga namu. Wannan ma ban ce komai ba. A shekarun nan abu in ya zo, sai in dube shi kamar yadda ake duban ruwan gulbi yana wucewa.

Abin da ɗana ya bar mana shi ne lambun albasa, fangali goma sha biyu. Da rani shi muke ci. Albasa kuwa ba ta san maraya ba, kullum sai ta sha. Ramin da muke ɗiban ruwansa tsattsafowa yake yi daga ƙasa. In ya kwana ba a taɓa shi ba, kafin asuba ya cika har kusa da baki, ko yaro ya ja igiyar jigo sai guga ta nutse ta taso. In rana ta ɗaga an ɗiba an ɗiba, ruwan ya koma can ƙasa, sai ƙato mai ƙarfin damtse. Saboda haka ni da kaina na je na roƙi ƙanen mijina ya bar mana ɗiban farko. Ya bar mana. Alheri ya yi, ba zan ce ba alheri ba ne.

To, aikin jigo na mutum biyu ne. Ɗaya na ja yana juye guga a kwari, ɗaya na ƙasa da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya fangali bayan fangali, yana toshe wanda ya ƙoshi. Yaron ke ja, ni ke tare. Carar zakara ta farko nake tayar da shi. Ba na kira sau biyu. Mu gama, ya yi sallar asuba a bakin lambu, ya sha kunu a tsaye, ya ruga, domin rana na ɓullowa ake buga ƙarfen makaranta. Wani guntun ƙarfe ne da suka rataye a itace. Wanda ya iso bayan an buga shi, bulala. Da yamma kuma ga karatun allo, ga ciyawar akuya.

Ni dai ina ganin yana ramewa, idanunsa sun faɗa. Na zaci girma ne.

Malamin boko ne ya fara magana ranar.

"Inna, kin san mi yas sa anka kira ki?"

Na ce ban sani ba.

"Yaron ga barci shika yi cikin aji. Ba gyangyaɗi ba, Inna, barci. Shekaranjiya ina tambaya tai, shina tsaye, yat tahi. Sai da na riƙe shi kada shi faɗi."

"Ka buge shi," na ce.

"Na buga. Na gaji da bugu."

Ya ce da Baturen makaranta ya zo rangadi ya tarar da yara da dama sun kifa kai a kan benci, ya tambayi daga ina suke, aka ce masa duk 'yan bakin gulbi ne. Shi ke nan Bature ya ce ciwon barci ne, wanda ƙuda ke sa wa mutanen bakin ruwa, ya ce a aiko mai dubawa. An duba sauran, an sallame su. Nawa ne ya rage, don shi ya fi kowa.

Malamin asibiti ya jawo yaron, ya juya masa kai gefe, ya dinga latsa masa wuya da yatsu kamar mai zaɓen tumatir a kasuwa. Ya ce ya ji 'yar kaluluwa a bayan kunne. Ya ce ba lalle ciwon ba ne, amma ga rama, ga barcin rana, shi ba zai ɗauki alhaki ba. Motar da ta kawo shi za ta koma Sakkwato jibi, a shirya wa yaro kayansa. Can za a ɗebi ruwan ƙashin bayansa da allura a duba.

"Kwana nawa?" na ce.

Ya ce wannan sai likita.

Na tuna haka aka ce mini ranar da aka tafi da ubansa. Wata huɗu ne kawai, in ji su. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ban ji ba. Abin da na lura da shi shi ne ƙafar yaron ta tsage a dunduniya, na ce a raina ya kamata in sa masa man kaɗe.

Sai malamin boko ya tsuguna daidai tsawon yaron.

"Kai, da dare kana barci?"

Yaron ya saci kallona. 

"Da wane lokaci kaka tashi?"

Shiru. Ni na hore shi haka, kuma akwai dalili. Ranar da aka rubuta su a boko, an yi shela daga gidan hakimi cewa ɗan makaranta ba ya zuwa gona kafin ƙarfe. Wanda aka kama yana aikensa, za a karɓe yaron a kai shi riƙo gidan hakimi, can zai ci can zai kwana har ya gama karatu. Na ga an yi wa wani mai jakai haka. Saboda haka na gaya wa jikana, ko wa ya tambaye shi, da kiran salla yake tashi. Ga shi ya kasa yin ƙarya, ya kuma kasa tona ni, ya tsaya yana kallon ƙasa.

Ƙanen mijina ya san komai, shi da ke tarar da mu a fadama kullum. Ya yi gyaran murya ya ce, "Matar yaya, ke da ko kazar gidanki ba ta isa ta rintsa ba, ina ɗan mutum?"

Mai unguwa ya yi dariya kaɗan, ya ce, "Bari wasa, muna cikin magana."

"Wasa nika yi da matata, ranka shi daɗe. Gado na."

Na gane ba wasa yake yi ba, ƙofa yake buɗe mini. In na yi shiru, mota jibi. In na yi magana, gidan hakimi. Gidan hakimi dai ina iya wucewa ta ƙofarsa in hange shi. Haka na auna abin, kamar yadda nake auna gero.

Na ce, "Malam, bari takura mai. Ni ka tashe shi. Carar zakara ta farko. Shi ka ja mini jigo."

"Kullum?"

"Albasa na hutu?"

"Tun yaushe?"

"Tun da ruwa ya ɗauke."

Malamin ya miƙe ya buɗe rijistarsa, yana bin sunaye da yatsa. Ya kira sunan wani yaro ya tambayi mai unguwa me ubansa ke yi. Lambu. Ya kira wani. Lambu. Wani kuma ubansa masunci ne, da shi ake zuwa ɗaga taru kafin gari ya waye. Malamin ya rufe littafin.

Can ya ce shi tun bara ya rubuta wa Bature takarda, yana roƙon da rani a bar buga ƙarfe sai hantsi ya ɗaga. Ba don ya san zancen jigo ba, don dai ya ga da sassafe kamar da gumaka yake magana. Bature ya aiko cewa da sanyin safiya kan yaro ya fi ɗauka, kuma a tashi kafin rana ta yi zafi. Ya ce zai sake rubutawa, amma amsa sai ta yi wata biyu a hanya.

Mai unguwa ya ce, "To ai kin ji doka, Inna. Kin san abin da anka ce."

"Na sani."

"Kin sa ni tsaka."

"Kai kas sa shi boko. Ban roƙe ka ba."

Ya sunkuyar da kai yana jan gashin buzunsa. Shekarunsa ba su kai nawa ba, na san ranar sunansa.

Malamin asibiti ya ce shi duk wannan ba ruwansa, kaluluwa dai ya ji ta. Malamin boko ya roƙe shi. Ya ce tunda zai zagaya Rimawa da Achida ya sake biyowa ta nan, a ba yaron bakwai guda, wato kwana bakwai. Ba jigo, ya yi barci ya ƙoshi. In ya dawo ya tarar yana nan yadda yake, a tafi da shi, ba mai cewa uffan. In ya warware, shi ke nan. Mai unguwa ya ce in haka ne shi ma bai ji komai ba tukuna, sai bayan bakwai zai san ko ya ji. Malamin asibiti ya rubuta wani abu a takarda, ya ce bakwai guda, kada a ƙara kwana.

Na juya wajen ƙanen mijina. Tun kafin in buɗe baki ya girgiza kai.

"Ko na ba ki ɗiban hantsi, wa zai ja miki? Ruwan na can ƙasa. Ɗiyana biyu na, kuma kin san nawa lambun ya ninka naki. In na ce ina taimako, ƙarya nika yi miki."

Gaskiya ya faɗa. Ban ji haushinsa ba.

Da za mu tashi na tsaya gaban malamin boko.

"Kun ce shi yi barci shi ƙoshi. In bai ƙoshi ba anka buga ƙarhen naku hwa?"

Ya dubi mai unguwa, ya dubi malamin asibiti da ya riga ya ba mu baya, ya rage murya.

"Ƙarhe na Bature na, Inna, ba ni iya taɓa shi. Bulala dai tawa ta."

Muka koma gida, yaron na gaba ina baya. A hanya ya ce, "Kaka, ban hwaɗi ba." Na ce na gani. Ya ce, "Albasar hwa?" Na ce ba da shi ake wannan shawara ba.

Washegari zakara ya yi cara, na tashi. Na tsallake yaron a bakin ƙofa, na ɗauki fartanya da guga na fita ni kaɗai. Rabona da kama igiyar jigo tun ina amarya, shi ma da wasa ne. Na ja guga biyar, na sauko na buɗe fangali, kafin in isa ruwan ya tsiyaye a kwari. Na koma na ja goma, na sauko da gudu irin na tsohuwa. Haka na yi ta hawa da sauka. Da gari ya fara haske na ga ba zan kai ko'ina ba, sai na tsaya na dubi lambun. Fangali biyar na kusa da rami, su na zaɓa. Bakwai ɗin can nesa na ɗebo ƙasa na toshe hanyarsu, na danne da ƙafa. Albasarsu ta fi kyau ma, ta fara yin kai.

Ƙanen mijina ya iso da 'ya'yansa, ya dubi toshiyar, ya dube ni. Bai yi wasa ba ranar. Na miƙa masa igiya.

Ina kan hanyar gida na ji an buga ƙarfe. Na shiga na tarar da yaron yadda na bar shi, baki buɗe, hannu ɗaya a ƙarƙashin kunci. Na yi salla. Na dama kunu na rufe. Na zauna a bakin ƙofa ina korar kaji kada su shiga. Tafin hannuna duk ya saɓule, ina kallonsa kamar na wata. Rana ta hau katanga, ta sauko tsakar gida, ta kai har bakin turmi, bai motsa ba. Ban taɓa sanin mutum na iya barci haka ba.

Sai da hantsi ya ɗaga sosai ya buɗe ido. Ya ga haske, ya zabura zai fita da gudu. Na ce ya zauna. Ya yi alwala ya yi sallarsa, ya sha kunu a zaune, na tsaya a kansa sai da ya shanye.

Sannan na yafa zane na raka shi. Ban taɓa taka harabar makarantar nan ba sai ranar. Akwai wani babban yaro a bakin aji da tsumagiya a hannu, shi ke tare masu makara. Ya ga jikana ya ɗaga hannu, ya gan ni ya sauke. Malamin na ciki yana rubutu a allon bango, bai waiwayo ba. Yaron ya wuce ya zauna. Na ɗan tsaya ta taga na ga inda mazauninsa yake, na biyu daga baya, kusa da bango. Na juya na tafi yankan ciyawar akuya.