Mai Jaka da Matar Hoto

Mijin yayata yana da jaka arba'in da uku. Ba tafiya yake yi da su ba, ba kuma sayarwa yake ba. Duk bitar da ya je sai a ba shi guda, da tambarin masu bitar a jiki, da biro da ɗan littafi a ciki, ya kawo gida ya jefa saman durowar kaya. Yaya tana zuba safar yara a wasu, tsofaffin takardun makaranta a wasu. Ma'aikata suka sa masa Mai Jaka. Ni a ofis Yallaɓai nake ce masa, a gida kuwa Mai Jakar nake kiransa a gaban idonsa, tunda ƙanwar matarsa ce ni, iyakarsa harara.

Shi ne manajan shirin yaƙi da tarin fuka na yankinmu. Ni ce mai buga masa takardu, shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma shi ya samo mini aikin. Yakan tuna mini da haka duk sanda bakina ya yi tsawo.

Gaskiya ɗaya ce, ba haka ya fara ba. Na san shi yana ƙaramin ma'aikacin jin daɗin jama'a, da babur ɗin ofis mai madubi ɗaya da takalmi kullum cikin taɓo. Aikinsa ya bi gida-gida ya nemo masu tari, ya kai su asibiti a gwada, sannan ya riƙa kai musu magani kowace safiya, ya tsaya a kansu su haɗiye, ya yi alama a kati. Maganin na wata shida ne, ba fashi. Katin kuma biyu ne, ɗaya a hannun mara lafiya, ɗaya a fayil ɗin ofis. A lokacin Yaya ta aure shi, tana mitar kayansa warin asibiti suke yi, amma ko makaho ya san tana alfahari da shi.

A wannan yawon ya tsinci wata mai wankau a wani lungu bayan tashar mota. Ta rame har zanen jikinta yana zagaye ta sau biyu, tana tari a kan kayan mutane. Ya ɗauke ta a bayan babur ya kai asibiti. Inna yake ce mata, ita kuma ta ce ɗana. Wata biyu cur bai fasa zuwa ba, har kumatunta suka dawo.

Sai ga baƙi daga wajen masu ba da tallafi, da mai ɗaukar hoto. Aka kai su gidan Inna. Aka ce ta ɗaga katinta ta yi murmushi, ta ƙi, don ba ta ga abin murmushi ba. Ana cikin lallashinta ɗan nata ya ja da baya don ya ba mai hoto wuri, santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas a cikin ruwan wanki. Inna ta tuntsire da dariya, wushiryarta duk a waje, mai hoto ya danna. Dariyar da duniya ta yi shekara goma sha ɗaya tana kallo a matsayin farin cikin samun lafiya, dariyar wandon mijin yayata ce.

Ni na buga rahoton, makona na uku ke nan da kama aiki. Na rubuta cewa ta fara samun sauƙi. Ya tsaya a kaina ya ce samun sauƙi ba ya da nauyi a takarda, in sa ta warke sarai, ai saura kaɗan ne. Na sa. Da yatsun nan nawa na sa, kuma har yau abin yana cina.

Hoton ya yi farin jini. Kafin wata ya ƙare aka kira shi bitarsa ta farko, mako biyu a otal. Ya bar wa Inna ƙwayoyin kwana goma sha huɗu, ya ce zai dawo ran Litinin. Ya dawo da jaka ta farko da takardar ƙarin girma. Aka ba wani babur ɗin, ba wanda ya gaya wa wanin akwai wani gida a bayan tasha. Katin ofis kuwa ya cike gurbin wata huɗu a zama ɗaya, da biro iri biyu don kada abin ya yi kama da aikin rana guda.

Daga nan sai hawa. Ya yi karatun yamma ya samo digiri, ya ƙara wani a kai. Ya koyi yaren bita har ya fi masu shi. Ba ya cewa mutane, sai masu ruwa da tsaki. Ba ya cewa a gyara, sai a samar da tsari mai ɗorewa. Ranar da famfon gidansu ya fashe, Yaya ta rantse mini sai da ya tambaye ta mene ne manufarta ta gajeren zango. Teburinsa ya ƙara faɗi, cikinsa ya bi sahu, ya zamana rabonsa da jin tarin mara lafiya da kunnensa tun zamanin babur.

Inna ma ta yi ta hawa, a takarda. Ta hau kalanda, ta hau ƙofar motar ofis, ta hau bangon kowane asibiti, da rubutu a ƙarƙashinta: Na sha maganina har ƙarshe, kai fa? A ofis Matar Hoto muke ce mata. Duk taron da ya je da labarinta yake rufewa, labarin kuma yana ƙiba kamar mai shi. Babur ya ɓace, ya koma a ƙafa yake zuwa. Daga baya aka ƙara ruwan sama. In ya zo wajen da ta ce masa ɗana sai ya cire tabarau ya goge ido, kuma a daidai wannan kalmar yake cirewa kullum. Direbanmu yakan tada mota in ya hango an cire tabarau, ya san an kusa tashi.

Bana kujerar daraktan shirin na ƙasa baki ɗaya ta zama ba kowa, aka ce tsakanin shi ne da wani. Masu tantancewa za su zo Laraba su tafi Juma'a. Aka yi wa bangon gaba fenti, na baya aka bar shi da halinsa. Aka buga hoton Inna a ƙyalle mai tsawon mutum biyu aka rataya a bakin ƙofa.

Ranar Litinin ina leƙe ta taga na ga maigadi yana korar wata tsohuwa da ta zauna a inuwar ƙyallen, wai ta koma baya, ana shirin baƙi. Tarin da take yi ya sa na fita. Ta ce ɗan nan mai babur take nema. Sai da ta buɗe baki na ga wushiryar. Na ɗaga kai na dubi ƙyallen, na sauke na dube ta, Inna ce.

Na kai ta wajen likitar shirin, wata matashiya da ba ta iya kwana-kwana ba. Ta duba ta, ta duba fayil, ta ja ni gefe. Ta ce tarin ya dawo, kuma tana zargin irin wanda ba ya jin maganin yau da kullum ne. Muna da gado takwas na waɗanda maganinsu ya katse a baya, su ake yi wa gwaji nan take a ɗora su kan magani mai ƙarfi, kuma Alhamis da azahar ake rufe jerin sunaye. Amma fayil ya ce wannan ta gama ta warke, don haka a ƙa'idar shirin, layin kowa da kowa za ta bi, wata uku kafin gwaji ya zo kanta. Likita ta ce ba ta jin Inna za ta kai lokacin. Abin da ake bukata shaida ce cewa maganin ya katse, ko sa hannun manaja, ko katin mara lafiya.

Na shigar da ita ofishin Yallaɓai. Bai gane ta ba, har ya fara yi mata bayanin lokutan ganin jama'a. Ita kuwa ta gane shi duk da tumbin. Ta kwance bakin zanenta ta ciro kati a naɗe cikin leda, ya yi laushi don tsufa, ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ka ce za ka dawo ran Litinin, ɗana," ta ce. "Na ji shiru, na ce aiki ne ya yi maka yawa. Da ƙwayoyin suka ƙare na je asibiti, aka duba littafi aka ce ai na warke. Na ce to, ku ne masu karatu."

Ba ta faɗa da fushi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya buɗe katin. Alamun hannunsa na wata biyu a jere, sauran gurbin fari fat. Wannan karon bai cire tabarau ba. Ya ce mata kada ta damu, za a duba lamarin da idon basira, ya sa a kawo mata ruwa mai sanyi, ya zura katin cikin jakar da ke gefen kujerarsa.

Bayan ta fita na shafa wa idona toka na ce ya sa hannu. Ya ce a bari baƙi su tafi. Na ce baƙi Juma'a za su tafi, jeri Alhamis ake rufewa. Ya ce akwai zagaye na gaba, kuma bai kamata a yi garaje a lamarin da ya shafi martabar shiri ba, dubban mutane wannan hoton ya sa suka sha magani. Wannan gaskiya ne, shi ya sa ma yake jin daɗin faɗa. Da na ce masa Mai Jaka, ka ji tsoron Allah, sai ya tambaye ni ko na manta wa ya samo mini aiki, da kuma wa ya buga rahoton.

Laraba da safe ya fito da sabuwar jaka saboda baƙi, na gane waccan mai katin tana gida. Na ce kaina na ciwo, na wuce gidansu kai tsaye. Na gaya wa Yaya komai. Abin bai zo mata da sauƙi ba, don ta riga ta gaya wa yara in ya samu kujerar za a koma babban birni, har an fara rigimar wa zai ɗauki wane ɗaki. Can ta ɗauko kujera ta taka, ta riƙa miƙo mini jakunkuna. Muka zazzage safa, muka zazzage sakamakon jarrabawa, muka zazzage biro da suka bushe. Ita ta same shi, a aljihun ciki na wata shuɗiya mai tambarin bitar riƙon amana a aikin gwamnati.

Ta daɗe tana kallon alamun. Ta ce ta san waɗannan safiyoyin ɗaya bayan ɗaya, ita ke tashi ta ɗora masa ruwan wanka kafin ya fita, kuma wannan mutumin ta aura. Idonta ya kawo ruwa, ta miƙo mini katin.

"Kai wa likita," ta ce. "In ya kore ki, ki bar ni da shi."

Inna ta samu gado na bakwai. Likita ta rubuta dalili ɓaro-ɓaro, takardar ta faɗa hannun masu tantancewa ranar Alhamis. Na ce a raina yau asiri ya tonu. Ashe ban san mijin yayata ba. Da suka tambaye shi sai ya cire tabarau. Ya ce wannan shi ne babban darasin da ya koya a rayuwar aikinsa, kuma shi ya sa ya ƙirƙiro sabon tsarin bibiyar tsofaffin marasa lafiya, ga ma sakamakonsa na farko a gado na bakwai. Suka tafa masa. Suka rubuta cewa shugaba ne mai gaskiya da karɓar gyara. Shi aka ba kujerar, aka kuma gayyace shi ya koyar da tsarin a wata bita, inda ya samo jaka ta arba'in da huɗu. Bai kore ni ba. Kafin ya tafi ya mayar da ni ɗakin ajiyar fayil, inda ba taga, ya ce ya lura ina da sha'awar tsofaffin takardu.

Nakan je duba Inna duk Asabar, da ƙyallen rufe hanci. Maganin yana wahalar da ita, ƙwayoyi cike da tafin hannu, ga tashin zuciya. Makon jiya na tarar tana juya su a hannu ta kasa haɗiyewa, wata nas sabuwar zuwa tana tsaye a kanta. Nas ɗin ta karanta a fayil cewa ta taɓa yanke magani, ta ɗauka taurin kai ne. Ta nuna mata bango, inda hoton yake manne daidai saitin gadon.

"Baba, ki dubi wannan baiwar Allah," ta ce. "Ta sha nata har ƙarshe, ga ta nan tana dariya. Da kin yi koyi da ita da ba ki kwanta a nan ba."

Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta riƙe mini hannu. Ta ɗaga kai ta dubi hoton na ɗan lokaci.

"Na san ta," ta ce. "Ita ai ta huta, ba ta tari."

Ta watsa ƙwayoyin a baki ta kora da ruwa, ta miƙo mini kofin in ajiye.