Saniyar da Ake Sayarwa Duk Kaka

A garinmu Tabor Creek, duk wanda ya zauna a ajin makarantar gwamnati ya ci abincin Misis Kucera. Ita ta dafa mana na rana tun muna firamare, har wasunmu suka girma suka dawo koyarwa, ni ma ina cikinsu. Verlene sunanta, gajeriya mai babbar murya, kuma Allah bai ba ta baiwar rarrashi ba. In ta ga yaro ya zo da yunwa ba ta tambayarsa komai. Sai ta ƙara masa ludayi guda, tana masifa wai ya tare mata hanya.

Mijinta Emil kiwon shanu yake yi. Da ya rasu garken ya fi ƙarfinta, ta rabu da shi gaba ɗaya, in ban da wata maraƙa da uwarta ta mutu a dusar ƙanƙara. A kicin ta rene ta, kusa da murhu, tana ba ta madara a kwalba. Ta sa mata suna Bozena, sunan surukarta, wai don su biyun ba wanda ya taɓa jin sun ce sun ƙoshi. 'Ya'yan Verlene duk suna nesa. Bozena ce mai jin hirarta da safe, kuma ita kaɗai ta rage daga dabbobin Emil.

Shekarar da kamfanin nama ya rufe ya bar garin, haraji ya faɗi, hukumar makarantu ta shiga yanke-yanke. Aka sallami malamin kiɗa, aka kulle ɗakin karatu, aka daina kai yara ko'ina. Manyan gari suna ta taro suna jimami, Verlene kuwa ta tara 'yan mutane a kicin ɗin makaranta, ta ce ba mai tashi sai an yanke shawara. A nan aka haifi Gidauniyar Makarantun Tabor Creek, tsakanin tukwane da buhunan dankali. Har yau in baƙi suka tambayi waɗanda suka kafa ta, nakan fara da mai girki, in bar lauya da manajan banki a ƙarshe, kuma ba na neman afuwar kowa.

Abu na farko da gidauniyar ta shirya shi ne gwanjo, bayan an gama girbin masara. Mata suka kawo bargunan ɗinkin hannu da farantan kolache, wato burodi mai zaƙi, maza suka kawo dammunan ciyawa. Verlene ba ta da abin kawowa, sai ga ta ta shigo zauren taro tana jan Bozena. Orval Sedlacek mai gwanjo ya buga guduma, wani manomi ya saya. Da manomin ya dubi fuskar Verlene, sai ya ɗaga hula ya ce, "A sake sayarwa!" Kuɗinsa suka shiga asusu, saniya ta koma fage. Na biyu ma haka, na uku ma haka. Wanda ya saya daga ƙarshe ya miƙa wa Verlene igiyar, ya ce shi ba shi da wurin ajiye surukar kowa.

Shi ke nan ya zama al'ada. Duk kaka sai an wanke Bozena an taje ta, a sayar da ita har muryar Orval ta dushe, ta koma gida ta ci dusarta. Da kuɗin gwanjonta aka dawo da malamin kiɗa, aka sayi kayan busa. Gidauniyar ta yi wa yara tabarau, ta buɗe ajin walda, ta sa mota ta riƙa jiran 'ya'yan ƙauye masu tsayawa karatu bayan tashi. Hoton Verlene da saniyarta har a jaridar jiha. Ba wanda ya taɓa rubuta dokar gwanjon nan, domin a ganinmu wa zai ce bai sani ba?

Sai shekarar da ake neman gyara ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Akwai wani dattijo, Mista Whitcomb, da ya bar aiki a Denver ya sayi fili a bakin rafi. Mutumin kirki ne, yana son a san shi ma ɗan gari ne. Ya makara a ranar, ya shigo an kusa tashi, bai ga yadda aka yi ta sayarwa ana mayarwa ba. Ya ga saniya mai ladabi, ya tuna jikokinsa, ya yi tayin da ya sa zauren ya ɗauki shewa. Orval ya buga guduma ya tsaya yana jira. Mu ma duk muna jira.

Mista Whitcomb ya yi murmushi ya ce, "Bari in matso da tirelata."

Ya nufi ƙofa. Da ya fita, Orval ya sauko ya nufi Verlene, ni ina gefenta riƙe da tiren kofi.

"Kwantar da hankalinki, Verlene," in ji shi. "Yanzu zan ja shi gefe in yi masa bayani."

"Ka ce masa me?"

"In ce masa haka muke yi mana! Baƙo ne, bai sani ba."

"Ka buga gudumar nan ko ba ka buga ba?"

"Na buga, amma ke ma kin san..."

"Orval, tun kana da gashi a ka nake jin kana cewa in guduma ta sauka magana ta ƙare. Yau kuma za ka ce wa mutum ya biya kuɗinsa ya tafi da iska? A gaban yaran nan?"

Na sa baki na ce, "Misis Kucera, Bozena ce fa."

"Na san sunanta, Janelle, ni na raɗa mata. Je ki raba kofinki kafin ya huce."

Ita da kanta ta ja igiyar har bakin tirela. Ta gaya wa mutumin cewa Bozena ba ta shan ruwa mai sanyi sosai, kuma ƙafarta ta baya tana ciwo in hunturu ya shigo. Ya yi ta godiya, bai lura da komai ba. Ni kuwa haushi ya cika ni, na rasa wanda zan ji wa, shi ko ita ko mu da muka yi shiru. Verlene ta koma gida da tata tirelar fayau.

Labari ba ya kwana a Tabor Creek. Washegari a shagon shan kofi aka fayyace wa Mista Whitcomb komai, kuma na san mutanenmu, ba a hankali suka faɗa masa ba. Na je duba Verlene da hantsi, ina zaune a kicin ɗinta sai ga motarsa ta shigo, Bozena a baya tana kuka don ta gane gida. Ya tsaya a bakin ƙofa da hula a hannu, fuskarsa ta yi ja.

"Misis Kucera, ki yafe mini. Ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Ga ta na dawo miki da ita, kuɗin kuma na makaranta ne."

Verlene ta leƙa ta taga. Ni kuwa har na miƙe zan je in buɗe garke.

"Zauna, Janelle," in ji ta. Ta juya wajensa. "Mista Whitcomb, shekara da shekaru ana tafa mini, ana cewa Verlene ta ba makaranta saniyarta. Kullum kuma da yamma sai in komo da abata gida. Wasu ne ke bayarwa, ni ina karɓar yabo. Jiya ne kawai na bayar da gaske. Kada ka ƙwace mini wannan."

Ya shigo ya zauna. Ta zuba masa kofi, ta tsaya a kansa har ya shanye, sannan ta naɗe bargon da take rufa wa Bozena ta ɗora masa a hannu.

Ba ta fita rakiya ba. Muna ji motar ta juya, kukan saniyar yana nisa har ya ɓace. Verlene ta daɗe tsaye a gaban famfo, ruwa yana zuba, ba ta wanke komai. Ban taɓa alfahari da wani mutum kamar yadda na yi da ita a wannan hantsin ba, amma ban faɗa mata ba, don da ta kore ni.