Jallabiyar Manzo

Maigidana bai iya ƙarya ba, shi ya sa na yi ta dariya da aka ce shi zai fito a manzon nan masunci a wasan Ista na cocinmu. Shi ne wanda Ubangiji ya tarar a bakin ruwa da taru a hannu, ya kira shi, ya bar jirgi da kifi ya bi shi. Shi ne kuma, ranar da wuya ta yi wuya, ya rantse bai san Ubangijin nasa ba.

Kiran bai ba maigida wahala ba, musun ne ya gagare shi. Kullum da yamma yana tsakar gida da tsohon gidan sauro a kafaɗa a madadin taru, yana cewa "Ban san shi ba" kamar mai roƙon gafara. Ni kuwa ina tankaɗe ina gyara masa.

"Baban yara, ko akuya ba za ta yarda da kai ba. Ɗaure fuska mana!"

A cocinmu na Jos Jarawa jallabiya da rawani manzanni ke sawa, don haka muka ga ana zana su. Har gemu maigida ya tara. Ɗinkin muka kai wa telanmu, wani dattijo Musulmi da kakansa ya zo tun zamanin haƙar kuza. Shi ya ɗinka mini kayan aure. Yana da hannu, amma ba ya cika alkawari. Sai ranar Asabar ta gwajin ƙarshe ya iso gidanmu a babur, da hantsi, rigar ko kalmasa bai yi mata ba. Na yi masa tas. Ya ce, "Madam, a yi haƙuri," ya sa maigida ya saka ta, ya durƙusa yana ƙarasawa a jikinsa.

Yana cikin haka muka ji ana rufe shaguna da ƙarfi. Mata na ƙwala wa yara kira. A shekarun nan jita-jita kaɗai ta isa ta tayar da Jos, to ranar har hayaƙi muka hango ta wajen gari. Tela ya miƙe. Duk mun san Musulmi ne tsaye a unguwar Kiristoci.

Maigida ya ce a bar babur, zai raka shi da ƙafa zuwa Tina Junction, inda sojoji ke tsayawa. Na ce ya cire rigar tukuna. Ina! Har ya kai ƙofa. Na fizgi zanen zumuntar matan coci na ɗaura, don a gane ni tun daga nesa, na bi su ina zagin maigida a zuci.

Ba mu yi nisa ba muka tarar da samarin unguwa sun gindaya katako a hanya, da sanduna da adduna. Abin da suka gani shi ne dattawa biyu masu gemu, ɗaya da jallabiya, ɗaya da hula. Suka taso.

Na shige gaba ina dukan zanena. "Kun makance ne? Kai, ba ni na koya maka addu'a a makarantar Lahadi ba? Baban yara ne, rigar wasa ce!"

Babbansu ya matso ya leƙa fuskar maigida, ya sauke sanda. "Baba, ka so kashe kanka fa. Wuce." Sai ya nuna tela da haɓa. "Wannan fa? Ka san shi?"

In ya ce bai sani ba, mu biyu za mu koma gida lafiya, tela kuwa ba zai koma ba. In ya ce ya sani, ban san abin da za su yi mana duka ba. Na shafe makonni ina koya masa yadda ake faɗin waccan magana, yanzu tsoro ya kama ni kada a ce ya koya.

Maigida ya kama hannun tela. Ya yi magana, har na baya suka ji.

"Na san shi. Shi ya ɗinka kayan auren matata. Baƙona ne, daga gidana ya fito."

Wani daga baya ya ce a bar surutu. Babban ya ture katakon da ƙafa. Muka wuce a tsakiyarsu har muka hango motar sojoji.

A nan tela ya ce, "Malam, tsaya." Ya durƙusa a bakin titi. Ashe allurarsa na reto a gefen rigar tun daga gida. Ya kama zaren zai ɗaure, zaren ya ƙi ɗauruwa, ya gwada ya sake gwadawa. Sai ya kifa goshi a gwiwar maigida, ya fashe da kuka.