Raɗar Ƙawata ta Gwiwa

Shekarun baya kaɗan, kafin ƙafafun nan su fara yi mini gardama, ni ce uwar ƙungiyar mata masu man gyaɗa da ƙuli a Roni. Ni da ƙawata ta garin Gwiwa muka kafa ta tun muna goyo. Ranar taro takan hau acaɓa ta zo, ta zauna a damana kan tabarma, kafaɗarta na gogar tawa. Ba ta taɓa ɗaga murya cikin mutane ba. In magana ta cije, sai ta karkato ta raɗa mini a kunne, ni kuwa in gyara zama, in yi gyaran murya, in zuba zancen da ado. Mata su ce lallai Hajiya akwai kai. Ni ma ban taɓa musa musu ba.

Sai Allah ya jarrabe ta da shanyewar ɓarin jiki. Harshenta ya yi nauyi, hawan babur ya gagare ta.

'Yata, wadda tsara ofisoshi ne aikinta a Kano, wasu ranakun ma daga gida take yin sa, ta ce za ta gyara mana ɗakin taro yadda na nesa zai zauna da mu kamar yana nan. Ta sa aka faɗaɗa tagar gabas don haske, aka shimfiɗa darduma mai kauri don kada murya ta riƙa amsa kuwwa, aka kafa allo babba irin na talabijin a bango. Ta kuma haɗa mana wata na'ura mai hankali da ke sauraren taro, ta riƙe abin da kowa ta faɗa, ta taƙaita mana shi da Hausa in an gama. Mata suka sa mata suna Sakatariya.

Ranar farko na ɗauka mafarki nake. Ƙamshin suyar gyaɗa na shigowa ta taga, sai ga ƙawata a bango, fuskarta ta kai faɗin tire. A bayanta ina ganin darbejiyar tsakar gidanta tana kaɗawa a hankali, har da wata kaza da ta gifta. Gwiwa guda ta shigo Roni ba ta taka ƙasa ba.

Ta buɗe baki ta yi sallama. Muryar ta fito da ƙarfi, ta cika ɗaki, da duk nauyin harshen nan. Na ga ta ja mayafi ta rufe bakinta. Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Da za a tashi, Sakatariya cikin ladabi ta ce akwai mutum ɗaya da ba a ji ta bakinta ba, ko tana da abin ƙarawa? Duk idanu suka koma bango. Haka aka yi ta yi kowane taro.

Ni ma ban tsira ba. Aka kawo batun ko mu riƙa sayar wa fataken Nijar manmu ko mu tsaya kasuwar Kazaure. Aka zuba mini ido. Na karkata kai dama, ba kowa sai iska. Na daɗe ina zuba, na je gabas na dawo yamma. Da Sakatariya ta zo kaina wajen taƙaitawa sai ta ce, "Hajiya ta ce a yi haƙuri." Duk jawabina ke nan.

Ba a jima ba ƙawata ta sa surukarta ta aiko cewa a cire sunanta daga ƙungiya. Na yafa gyale na hau babur har Gwiwa. Na same ta gindin darbejiyar nan.

A hankali ta ce, "Uwar surutu, kin rataye ni a bango kamar kalanda."

Na ce, "To me kike so, ƙawas?"

"Wurina. Damanki."

Da na faɗa wa 'yata, sai ta ce, "Inna, ai da kin gaya mini yadda kuke zama." Na ce wa zai ce a yi wa raɗa ɗaki?

Aka bar allon bango ga 'yan ƙungiyarmu da ke can Babura, su da ma ba sa kunyar ɗaga murya. Aka kawo matashin kai aka ajiye a damana, aka jingina masa ƙaramar waya, da wani siririn zare da ke zuwa kunnena. Aka gaya wa Sakatariya ta daina kiran ƙawata, abin da ya bi ta zaren kuma ba ruwanta da shi.

Taro ya zauna, batun fataken Nijar ya dawo. Na karkata kai. Sai na ji numfashinta, kusa, kamar ɗumin kafaɗarta ne a jikina.

"Ɗankwalinki ya karkace."

Na gyara. Sannan ta raɗa mini mu ba fatake rabi, mu bar wa Kazaure rabi, don kada mu yar da tsofaffin masu sayenmu. Na yi gyaran murya na zuba. Mata suka ce Hajiya ta dawo.

Ƙawata ta rasu da daminar da ta biyo baya, Allah ya jiƙanta. Abin da na gane shi ne, kawo mutum cikin ɗaki daban, mayar da shi wurinsa daban. Matashin yana nan a damana, ba wadda ke taɓa shi. Har yau in magana ta cije nakan karkata kai dama. Matan sukan jira ni har in ɗago, Sakatariya ma takan yi shiru.