Ranar da Na Fassara Meyo

Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma, ranar Laraba, mu huɗu ne a zauren otal ɗin da nake sauka a kan titin Huanshi a birnin Guangzhou: ni, da wani Alhaji ɗan Maraɗi mai sarin atamfa, da matar da ke kan teburin karɓar baƙi, sai wani dattijon Bature da ya shigo da ƙaramar jaka yana ɗingisa ƙafar hagu. Na san lokacin domin na duba agogo ina jiran La'asar.

Shekarar wasannin Olamfik ce. An tsaurara biza, 'yan kasuwarmu da yawa sun koma gida. Otal mai hawa tara, ba mu fi mu goma ba a ciki. Lif yakan sauko ya buɗe babu kowa, ya rufe ya koma. Ni kayan famfona suna tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba a loda ba, dole na zauna.

Dattijon ya miƙa wa matar takarda mai suna a rubuce. Ta bi littafinta da yatsa, ta ce, "Meyo." Ya sake tambaya da Turanci. Ta sake cewa, "Meyo, lawban," wato maigida.

Duk wanda ya yi sari a Guangzhou ya san meyo. Babu kaya, meyo. Babu canji, meyo. Mutum bai zo ba, meyo.

Alhajin Maraɗi ya taɓa ni da gwiwar hannu. "Bakano, tashi ka taimaki tsohon nan. Ku ne rainon Ingila. Ni Turancina bai wuce na gaisuwa ba."

Na tashi. Ga yadda abin ya bi a kaina, daki-daki. Ta ce meyo. Na mayar da shi Hausa: babu shi. Sai na nemi Turancin "babu shi", na ɗauko wanda na saba gani a jarida, na ce masa, "He is no more." Ban wuce aji uku na sakandare ba. Ban san cewa jimlar nan a shafin sanarwar rasuwa kaɗai ake amfani da ita ba.

Dattijon ya dube ni. Ya ce, "Yaushe?"

Na ce, "Tun kafin ka zo."

Ya gyaɗa kai sau biyu. Ya roƙe mu mu zauna da shi, ya sa aka kawo shayi kofi huɗu, alhali mu uku ne a teburin.

Ya ce shi Bajamushe ne, yana gyaran injinan ɗaga kwantena daga wannan tashar jiragen ruwa zuwa waccan. Da ƙuruciya ya yi soja. An haɗa rundunarsu da wata ta Amurka da ke sansani kusa da garinsu, atisaye tare, harbi tare, cin abinci tare. Kowane soja aka ba shi aboki ɗaya daga ɗaya ɓangaren, suka yi musayar bajo. Nasa abokin baƙar fata ne, mai ciwon zuciya a 'yan shekarun nan. Sun yi alkawari ta wasiƙa za su haɗu a wannan otal.

Ya ce, "Muna da ƙa'ida. Idan an kira suna mutum bai amsa ba, abokinsa ne zai amsa masa."

Na ce ƙa'ida ce mai kyau. Ni na ɗauka maganar wanda ya yi latti yake yi.

Ya miƙe ya ƙame kamar a fareti. Ya kira sunan abokinsa da ƙarfi. Zauren ya yi tsit. Sai ya buɗe baki ya amsa, amma ba da muryarsa ba. Murya ce mai kauri, mai jan harafi, da ɗan tari a ƙarshe. Matar ta ajiye biro. Alhajin Maraɗi ya ce, "A'uzubillahi. Bakano, me ka gaya wa mutumin nan?"

Na ce, "Abin da ta ce na faɗa, ban ƙara ba."

Dattijon ya ciro bajo daga aljihu ya sa a tafina. Ya ce wanda ya kawo labari shi ke riƙewa. Bai kama ɗaki ba. Ya ɗauki jakarsa ya fita ƙarfe biyar saura kwata. Kofi na huɗu ya huce a wurin.

Ranar Asabar, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ina saukowa ta matakala na ji muryar. Ita ce, har da tarin. Na tsaya na riƙe ƙarfen matakala. Na yi addu'a, sannan na leƙa.

Wani dogon dattijo baƙar fata ne a gaban tebur, riƙe da takarda, matar tana ce masa meyo. Biza ce ta tsare shi kwana uku a Hong Kong.

Na zaunar da shi na ba shi labari daga farko, ban tsallake komai ba. Da na maimaita jimlar da na yi amfani da ita, ya sa na sake faɗa. Ya yi dariya har ya yi tari. Sai ya daina.

Ya ce, "Ya amsa mini?"

Na ce ya amsa.

"Da muryata?"

Na ce da ita.

Ya ce, "Abokina, ka kashe ni ke nan. Ba a amsa wa mai rai."

Na ce ya buga masa waya. Ya ce ba su taɓa yin waya ba, wasiƙa ɗaya suke yi a shekara. Bajamushen ya sayar da gidansa bayan rasuwar matarsa, kuma a wannan haɗuwar ce zai ba shi sabon adireshi. Muka shiga tasi zuwa Huangpu, muka bi ƙofa huɗu muna tambaya. Ba wanda ya san shi. Na miƙa masa bajon, ya ƙi karɓa. Ya ce ba nasa ba ne yanzu, sai wanda ya amsa ya janye amsarsa.

Ya yi kwana shida a otal ɗin yana zama kusa da ƙofa, sannan ya tafi. Ban sake jin labarin ɗayansu ba.

Kai mai karatu, idan kana harkar kwantena, ko a Legas, ko Kwatano, ko Tema, ka lura da masu gyaran injin ɗaga kaya. Idan ka ga tsohon Bajamushe mai ɗingisa ƙafar hagu, ka tambaye shi ko ya taɓa neman aboki a titin Huanshi. In ya ce e, ka gaya masa mutumin ya zo ranar Asabar da ƙafarsa, kuma kuskuren na mai fassara ne. Ka faɗa masa a hankali, da Turancin da ka tabbatar da ma'anarsa.